Asalin Gidan Dabo, Da Sarkin Da Ya Rasu A Tsare

Kowane mutum yana da asali. Ba wanda ya faɗo daga sama, ba kuwa wanda ya tsiro daga ƙasa kamar gero. Kowa yana da uba da uwa, su kuma suna da nasu iyayen, haka nan har can baya. Jerin sunayen nan, daga ɗa zuwa uba, daga uba zuwa kaka, shi a ke kira salsala. Malamai su kan ce nasaba.

Yawancinmu mun san sunan uba da na kaka. In aka ce mu wuce nan, sai mu yi shiru, mu ce a tambayi tsofaffi. To, ran da tsofaffin suka ƙare fa, wa za a tambaya? Dalilin karatunmu na yau ke nan. Za mu ɗauki gida guda wanda kowa ya san sunansa, watau gidan Sarkin Kano Ibrahim Dabo, mu bi shi daki-daki, mu ga yadda a ke jera asali. A cikin gidan nan akwai wanda aka kama a yaƙi, aka kai shi ƙasa mai nisa, bai sake ganin garinsu ba har ya rasu. Duk da haka sunansa bai fita daga cikin jerin ba. In mun gama, sai kowa ya ɗauki fensir ya jera na gidansu.

Kalmomin Da Za Mu Riƙe

Kafin mu shiga labari, bari mu tuna wa juna waɗansu kalmomi. Wanda ka haifa, ɗanka ne ko 'yarka. Wanda ɗanka ko 'yarka suka haifa, jikanka ne. Wanda jikanka ya haifa, shi ne tattaɓa-kunnenka. Waɗanda suka haɗa uwa da uba, shaƙiƙai ne. Waɗanda suka haɗa uba kaɗai, kowa da uwarsa, 'yan'uba ne. A gidan da ke da mata da yawa, 'ya'yan mace guda a kan ce ɗakinsu ɗaya. Duk waɗanda suka fito daga tsatson mutum ɗaya kuwa, su ne zuriyarsa.

Tushen Gida

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara jihadi a shekarar 1804. Ba a daɗe ba jama'arsa da ke ƙasar Kano suka kori Sarkin Kano Alwali, wanda shi ne na ƙarshe cikin sarakunan Haɓe. Sarkin farko na Fulani shi ne Malam Sulaimanu. Shi ba daga gidan da mu ke magana ya fito ba. Ya rasu a 1819.

Sa'an nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya ba Ibrahim Dabo sarautar Kano. Dabo Basulluɓe ne, sunan ubansa Malam Mahmudu. Sa'ad da ya hau, garuruwa da yawa suka ƙi bin sa. Ya yi ta fita yaƙi yana cin su ɗaya bayan ɗaya, har aka yi masa laƙabi da Cigari. Ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. Ku cire ƙarami daga babba, za ku sami shekara 27.

Dabo yana da mata mai suna Shekara. Matar nan ta haifa masa 'ya'ya maza uku, dukansu kuwa sun yi sarautar Kano, wa ya sauka ƙane ya hau. Ga su:

Usmanu ɗan Dabo, 1846 zuwa 1855.
Abdullahi ɗan Dabo, 1855 zuwa 1882.
Muhammadu Bello ɗan Dabo, 1882 zuwa 1893.

Yaya aka yi muka san sunan Shekara, alhali ta rasu tun da daɗewa? Domin an rubuta. Akwai wani tsohon littafi na tarihin Kano da aka rubuta da Larabci. Ya jera sarakuna 48, tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello ɗan Dabo, kuma ya kan faɗi sunan uwar sarki tare da sunan ubansa. Da ba don alƙalamin malamin nan ba, da sunaye da yawa sun bi iska. Daga baya har makarantar 'yan mata aka sa wa sunan Shekara a cikin birnin Kano.

Akwai wata al'ada ta Kanawa da ta ke taimakon mai neman asali. In babban mutum ya rasu a wani wuri, a kan liƙa masa sunan wurin. Sarki Abdullahi ya rasu a Karofi, cikin ƙasar Katsina, yana kan hanyar Sakkwato. Saboda haka a ke ce masa Abdullahi Maje Karofi. Kun ga, laƙabi guda ya bambanta shi da sauran masu suna Abdullahi, ya kuma faɗa mana inda ajalinsa ya same shi.

Inda Gida Ya Rabu Biyu

Abdullahi Maje Karofi ya bar 'ya'ya masu yawan gaske. Da ƙanensa Bello ya hau, sai ya shiga tuɓe 'ya'yan wansa daga sarautu, yana ɗaukaka nasa. Ya naɗa ɗansa Tukur Galadima. Abin ya yi wa 'ya'yan Abdullahi zafi, amma suka haƙura.

Bello ya rasu a ƙarshen 1893. Yawancin mutanen Kano suna son a naɗa Yusufu ɗan Abdullahi, wanda shi ma ya taɓa riƙe sarautar Galadima. Amma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ce Tukur za a ba, domin Tukur ya nuna jaruntaka a gabansa a yaƙin Argungu. Aka naɗa Tukur. Yusufu da 'yan'uwansa suka fita daga birni, suka tafi Takai, suka tara mayaƙa. Mutanen ƙasa suka rabu, waɗansu Yusufawa, waɗansu Tukurawa. Wannan shi ne Yaƙin Basasar Kano.

Ku duba da kyau. Yusufu ɗan Abdullahi ne, Tukur ɗan Bello ne. Abdullahi da Bello shaƙiƙai ne. Watau masu faɗan nan 'ya'yan wa da ƙane ne, kakansu ɗaya, Dabo, kakarsu ɗaya, Shekara.

Yusufu bai ga ƙarshen yaƙin ba. Ya yi ciwo ya rasu a Garko a 1894, shi ya sa a ke ce masa Maje Garko. Jama'arsa suka bi ƙanensa Aliyu, wanda Kanawa ke kira Alu. A cikin shekarar nan ta 1894 Alu ya shiga Kano da ƙarfi, Tukur ya fita ya nufi ƙasar Katsina. A watan Maris na 1895 aka kara a Tafashiya. Aka yi wa Tukur mummunan rauni, aka kama shi, ya cika a hannun waɗanda suka kama shi tun ba a iso Kano ba. Daga ranar nan sarauta ta fita daga ɗakin Bello.

Alu Ta Wajen Uba Da Ta Wajen Uwa

Me ya sa Yusufawa suka zaɓi Alu, ga shi kuwa yana da 'yan'uwa da yawa? Malami ne, jarumi ne kuma. Amma akwai wani dalili, wanda ba za mu gane shi ba sai mun duba asalinsa ta wajen uwa.

Ta wajen uba: Alu ɗan Abdullahi, ɗan Ibrahim Dabo, ɗan Malam Mahmudu.

Ta wajen uwa: Alu ɗan Saudatu, 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Kun gani? Alu jikan Sarkin Musulmi Aliyu Babba ne, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, sunan kakan nan nasa kuwa ya ci. Tattaɓa-kunnen Muhammadu Bello ne, wanda ya naɗa Dabo tun farko. Yusufawa sun saɓa wa umurnin Sakkwato, suna kuwa bukatar a shirya. Suka ga in suka gabatar da jinin gidan Shehu, shirin zai fi sauƙi. Haka kuwa aka yi, daga baya Sakkwato ta amince da sarautarsa.

Ga darasi a nan. Wanda ya rubuta asali ya bar sunayen mata, rabin aiki ya yi. Da mun tsallake Saudatu, da ba mu san dalilin hawan Alu ba.

Alu ya yi sarauta daga 1894 zuwa 1903. Shekarun nan ba na hutu ba ne. Ya yi ta fama da Damagaram daga arewa, da Ningi daga kudu. Mutane suna ce masa Alu Mai Sango.

Zuwan Turawa

Ran 1 ga watan Janairu na 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya ce ƙasar Arewa ta shiga hannun Sarauniya. A lokacin nan Kano da Sakkwato ba su san da wannan magana ba, suna nan da ikonsu.

A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe wani Bature, Kyaftin Maloni, ya gudo Kano. Alu ya karɓe shi da girmamawa. Turawa suka riƙe wannan a kan hujjar yaƙi. A cikin watan nan kuma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Attahiru. Da shekarar 1903 ta kama, Alu ya tashi da manyan hakimansa da dawaki masu yawa, ya tafi Sakkwato ya yi wa sabon Sarkin Musulmi mubaya'a.

Yana can, sai rundunar Turawa ta taso daga Zariya a ƙarshen Janairu. Turawan cikinta 'yan kaɗan ne. Sauran sojoji baƙar fata ne, sun fi 700, suna da igwa da bindiga mai ruwan harsashi. Suka ci Bebeji a hanya. Ran 3 ga watan Fabrairu na 1903 suka fasa ta wajen Ƙofar Kabuga, suka shiga Kano. Sarkin Shanu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya tsaya a gidan sarki ya yi faɗa har aka kashe shi.

Labari ya sami Alu yana kan hanyar komowa, a ƙasar Zamfara. A nan 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi su uku suka bi hanya uku.

Waziri Ahmadu ya ce yaƙi za a yi. Ya ja waɗanda suka yarda da shi, suka gamu da sojojin Turawa a Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairu. Aka kashe shi a wurin tare da mutane da yawa. Har yanzu Kanawa na ce masa Mai Shahada.

Wambai Abbas ya ga ƙarfin ba ɗaya ba ne. Ya tattara sauran jama'a ya komo da su Kano, ya yi sulhu da Turawa. A watan Afrilu na 1903 Lugga ya tabbatar masa da sarautar Kano.

Alu kuwa ya bar sansani da dare, da mutane kaɗan, ya yi arewa. Turawa suka ce gudu ya yi. Masoyansa suka ce hijira ya nufa zuwa gabas, don kada ya zauna a ƙarƙashin Nasara. Bai yi nisa ba aka tare shi a ƙasar Gobir, aka miƙa shi ga Turawa.

Sakkwato ta faɗi ran 15 ga watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar nan.

Shekara 23 A Tsare

Turawa ba su kashe Alu ba, ba su kuwa yarda ya koma Kano ba. Suna tsoron in mutane suka gan shi za su sake taruwa a bayansa. Suka kai shi Yola tukuna. Daga baya suka mai da shi Lakwaja.

Lakwaja gari ne a bakin ruwa, daidai inda kogin Kwara da kogin Binuwai suka haɗu. Tsakaninsa da Kano ya fi mil 300. Ƙasa ce mai duwatsu da gumi da ruwan sama mai yawa, ba irin ta Kano ba. Mutanenta Nufawa ne da Igala da Igbira da waɗansu kabilu, sai fatake Hausawa da ke zuwa ciniki. A 1991 aka mai da garin babban birnin Jihar Kogi.

Ba a cikin kurkuku aka kulle shi ba. An ba shi wurin zama, amma ba shi da ikon barin garin. Mutumin da in ya hau a kan buga tambari, dubban dawaki su bi shi, ga shi ya zama sai abin da Razdan ya ce. Ba shi kaɗai ba ne. Sarkin Zazzau Kwasau, wanda Turawa suka tuɓe, can aka kai shi, can ya rasu. Daga baya aka kai Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, shi ma can ya rasu.

Alu ya rasu a Lakwaja a 1926, aka binne shi a can. Ku yi lissafi. Daga 1894 zuwa 1903 shekara 9 ke nan, su ne na sarauta. Daga 1903 zuwa 1926 shekara 23 ke nan, su ne na tsare. Zaman da ya yi a hannun Turawa ya ninka zamansa a gadon sarauta sau biyu da ɗoriya. Yaron da aka haifa a Kano ran da aka kama shi, ya girma ya yi aure ya haihu, bai taɓa sa shi a ido ba.

Reshen Da Ya Ci Gaba Da Sarauta

Yanzu mu koma Kano mu ƙarasa jerin. Abbas ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919. Ya rasu a gidan sarki na Nasarawa, a ke ce masa Maje Nasarawa. Ɗan'uwansa Usmanu ya gaje shi, daga 1919 zuwa 1926. Ashe Usmanu da Alu shekara guda suka rasu, ɗaya a kan gadon sarauta, ɗaya a tsare. Kamar yadda 'ya'yan Dabo uku suka yi sarauta, haka 'ya'yan Abdullahi uku suka yi: Alu da Abbas da Usmanu.

Daga nan sarauta ta tsaya a zuriyar Abbas. Ga yadda ta bi:

Abdullahi Bayero ɗan Abbas, 1926 zuwa 1953.
Muhammadu Sanusi ɗan Bayero, 1954 zuwa 1963.
Muhammadu Inuwa ɗan Abbas, 'yan watanni a cikin 1963.
Ado ɗan Bayero, 1963 zuwa 2014.
Muhammadu Sanusi na Biyu, ɗan Aminu, ɗan Sanusi na Farko, ya hau a 2014, aka sauke shi a 2020.
Aminu ɗan Ado Bayero, ya hau a 2020.

A 2024 gwamnatin Jihar Kano ta mai da Sanusi na Biyu, magana ta je gaban kotu. Mu abin da ya shafe mu a nan shi ne asali. Ku bi sunayen biyun nan da yatsa zuwa sama, za ku ga sun haɗu a kan Abdullahi Bayero. Ɗaya jikansa ne, ɗaya tattaɓa-kunnensa.

Ba A Tsallake Sunan Kowa

To, ga abin da mu ke so ku lura da shi. Tukur an ci shi da yaƙi, ya mutu a hannun 'yan'uwansa. Alu an ci ƙasarsa, ya mutu a hannun baƙi. Ba ɗan ɗayansu da ya hau gadon Kano. Amma duk wanda zai jera sarakunan Kano, dole ya ce Bello, Tukur, Alu, Abbas. In ya tsallake biyun nan, sai a sami rami na shekara 10 a tsakiyar lissafinsa, daga 1893 zuwa 1903. Ba zai iya faɗin yadda sarauta ta tashi daga ɗakin Bello ta koma ɗakin Abdullahi ba. Ba zai kuma iya faɗin yadda Abbas ya samu ba.

Mai rubuta asali ba alƙali ba ne. Ba aikinsa ba ne ya ce Waziri Ahmadu ya fi Abbas gaskiya, ko Abbas ya fi Alu dabara. Aikinsa ya rubuta wa ya haifi wa, ina ya zauna, ina ya rasu. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Wannan magana ba ta gidan sarauta kaɗai ba ce. A ƙauyukanmu da wuya a sami gidan da ba shi da wanda ya tafi bai komo ba. Wani mahara suka kama shi a gona a zamanin da, aka sayar da shi. Wani ya shiga soja a Yaƙin Duniya na Biyu, aka kai shi Habasha a 1941, ko Bama daga 1943 zuwa 1945. Wani ya tafi yaƙin basasar Nijeriya, tsakanin 1967 da 1970, abokan gaba suka kama shi. Wani ya tafi Makka a ƙasa, ya tsaya a Sudan. Irin waɗannan su ne sunansu ya fi saurin ɓacewa, domin ba kabarinsu a gari, ba wanda zai nuna wa yara ya ce ga inda kakanku ya ke kwance. In tsohuwar da ke tunawa da shi ta rasu, shi ke nan.

Ɓacewar sunan nan kuwa tana da hasara iri uku.

Ta farko, gado. In mutum ya rasu ya bar gona, alƙali zai tambayi 'ya'yansa nawa, maza nawa, mata nawa. A shari'a, wanda aka kama a yaƙi ba a lissafa shi cikin matattu don kawai an daina ganinsa. Ba a raba dukiyarsa sai labarin rasuwarsa ya tabbata, ko alƙali ya yanke hukunci. In ubansa ya rasu shi yana da rai a tsare, rabonsa yana nan. In an manta da shi, an ci haƙƙin 'ya'yansa. Rigingimun gona da yawa daga nan su ke tasowa.

Ta biyu, aure. Akwai waɗanda aure ya haramta a tsakaninsu saboda jini ko saboda shan nono. Wanda bai san danginsa ba yana iya faɗawa cikin abin da ba ya so.

Ta uku, zumunci. Wanda ya rasu a wata ƙasa, watakila ya bar 'ya'ya a can. In sunansa da na garin suna rubuce, wata rana jikoki za su iya neman juna. In babu, ko a kasuwa suka haɗu sai su wuce juna.

Yadda Za Mu Rubuta Namu

Gidan Dabo sun sami malamai da magatakarda da maroƙa masu riƙe musu sunaye. Mu talakawa ba mu da waɗannan. Amma yanzu mun iya karatu da rubutu, kowa ya zama magatakardan gidansu. Ga yadda za a yi.

1. Ka sami littafin rubutu sabo, ka keɓe shi don wannan aiki kaɗai. Kada ka haɗa shi da lissafin bashi.

2. Ka fara da kanka. Ka rubuta sunanka, da na ubanka, da na kakanka, har inda ka sani. A wani shafi ka yi haka ta wajen uwa.

3. Ka tafi wurin tsofaffi da ladabi, ka gaishe su, ka zauna. Kada ka tsaya ga maza kaɗai. Gwaggo da inna da kaka mace sun fi kowa sanin wa ya haifi wa, da wa ya sha nonon wa.

4. Kowane suna ka haɗa shi da laƙabi, da sana'a, da garin da ya zauna, da inda ya rasu. Masu suna Muhammadu da Abdu suna da yawa, laƙabi ne ke raba su. Ka tuna kuma mata da yawa ba su faɗin sunan miji ko na ɗan fari, saboda kunya. Sai ka nemi sunan yanka a bakin wani.

5. In ba a san shekara ba, ka tambayi abin da ya faru a lokacin. Turawa sun ci Kano a 1903. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. An yi annobar marisuwa a 1918. Sarauniyar Ingila ta zo a 1956. An sami mulkin kai a 1960. An canja kuɗi zuwa naira a 1973. In tsohuwa ta ce an haifi babanka shekara biyu bayan zuwan Sarauniya, ka san 1958 ke nan.

6. Ka tambaya musamman: akwai wanda ya tafi bai komo ba? Ka rubuta sunansa a wurinsa, tsakanin wansa da ƙanensa, da inda aka ji labarinsa na ƙarshe.

7. In mutum biyu suka saɓa, ka rubuta maganar kowa da sunan wanda ya faɗa. Kada ka ƙara abin da ba a gaya maka ba. Kada ka jingina gidanku ga wani babban gida don neman girma. Asalin ƙarya ba ya ɗorewa, kuma addini ya hana.

8. In ka gama, ka karanta wa mutanen gida a tsakar gida, su gyara maka. Sa'an nan ka kwafi biyu, ka ba ɗan'uwanka ɗaya. Ka sa naka a cikin akwati ko gwangwani mai murfi, saboda gara da ruwa da gobara.

Tambayoyi

1. Su wane ne 'ya'yan Shekara uku da suka yi sarautar Kano?
2. Mene ne tsakanin Tukur da Alu?
3. Ka jera asalin Alu ta wajen uwa har zuwa Shehu.
4. Wace hanya Waziri Ahmadu ya bi a 1903, wace hanya Abbas ya bi?
5. Shekara nawa Alu ya yi a tsare, a ina ya rasu?
6. Ado Bayero mene ne shi a wurin Abdullahi Maje Karofi?

Aikin Gida

Kafin aji mai zuwa, kowa ya zo da sunaye huɗu ta wajen uba, huɗu ta wajen uwa, a rubuce da hannunsa. Wanda a gidansu akwai wanda ya tafi bai komo ba, ya rubuto sunansa da abin da tsofaffi suka faɗa a kansa, za mu karanta tare.

Allah ya jiƙan magabatanmu, na kusa da waɗanda ƙasa ta rufe a nesa. Amin.